Shugabanni Bakwai a Bayan Gilashi

A Haɗeja, in ka ce kana neman Zarami masinja, sai an tsaya an yi tunani. In ka ce Ma'ajin Manya, ko mai bandan kifi a bakin tasha zai nuna maka hanyar gidansa, ya kuma haɗa maka da labarin kyauta.

Abin ya faru wata Talata cikin watan Agusta na 1994, ranar da sabon shugaban Kamfanin Shamuwa, Dakta Adamu Auta, ya taso daga Legas don ya ga reshensu na Haɗeja. An share, an goge, an aro kujeru, an yi farfesun tarwaɗa an jera a tebur. Ma'aikata goma sha ɗaya suna tsaye ƙyam kamar masu neman shiga soja. Dakta Adamu ya tsaya a gefen hotonsa da ke rataye a bango yana jawabi a kan sabon zamani. Da ya zo inda zancen ya yi masa daɗi, sai ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa firam ɗin hoton da bayan yatsu, ya ce daga yau an rufe zancen waɗanda suka wuce.

Firam ɗin ya yi wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen kara. Kwalin bayansa ya ɓalle. Sai ga waɗanda suka wuce suna silalowa ta jikin bango ɗaya bayan ɗaya, su bakwai cif, duk tsofaffin shugabannin kamfanin, kowa da irin murmushinsa. Wani ya shige ƙarƙashin tebur, wani ya kife, wani saura ƙiris ya ɗanɗana farfesu. Ɗaya ya sauka a kan takalmin Dakta Adamu yana kallonsa. Daga ƙarshe hoton Daktan shi ma ya bi sahu, ya bar gilashi fayau.

Idanu suka koma kan wani siririn dattijo mai kakin masinja da ke riƙe da tiren kofuna a bakin ƙofa, domin duk ofishin nan babu mai taɓa hoton shugaba sai Baba Zarami.

Kafin a faɗi abin da ya biyo baya, gara a san yadda mutum bakwai suka shiga firam ɗin mutum ɗaya.

Zarami ɗan masunta ne. Kakansa ya taso daga wajen Tafkin Chadi yana bin kifi har ya yada zango kusa da Guri, ya ga ruwa ya ga ƙasar noma, ya ce tafiya ta ƙare. Zarami ya tashi da gora da koma, kuma da a ce ruwa ya tsaya yadda yake, da har ya tsufa bai san ƙamshin ofis ba. Amma tun da aka datse kogi can sama kifi ya fara ja da baya, mai iyali ya fara duba wata hanyar.

A daminar 1981 hanyar ta zo masa da ƙafarta, sanye da takalmin roba. Wani saurayin injiniya ne, Istifanus Bala, mutumin kudancin Kaduna, wanda Kamfanin Shamuwa ya turo ya kafa dogon ƙarfen eriya a tudun da ke bayan Guri. Kamfanin babba ne, yana da rassa a duk ƙasa. Shi ke haɗa wa ma'aikatu da masu aikin noman rani rediyon oba-oba da wayar tarho, daga baya har da kwamfuta. To, ruwa ya cinye hanya, mota ta tsaya, aka nemi mai kwalekwale, aka samu Zarami.

Injiniyan nan da ke hawa ƙarfe mai tsawon rimi biyu yana fito, ashe bai iya ruwa ba. Da kwalekwale ya ɗan karkata a tsakiya, sai ya saki jakar kayan aikinsa ya rungume ƙafar Zarami, yana addu'a da yarensu.

"Yallaɓai, ka saki ƙafar," in ji Zarami. "Da ita nake tsaye."

"In na sake ta, me zan riƙe?"

"Riƙe jakarka. Ruwan nan iya cinya ne."

Mako shida suna kai da kawo. Istifanus ya saba da gidan Zarami har ya daina jiran a ce masa bismilla, kuma 'Yar'azumi, matar Zarami, ta koyi rage barkono saboda shi. Ranar da eriya ta fara magana, Istifanus ya ce wa Zarami ofishinsu na Haɗeja na neman masinja. Zarami ya ce shi bai yi boko ba. Istifanus ya ce mutumin da ya haye da shi sau talatin bai jiƙa masa ko takarda ɗaya ba, ya gama jarrabawa.

Aikin masinja ba ɓoyayye ba ne: shara, shayi, kai wasiƙa a keke, tuna wa akawu lokacin salla. Amma akwai wani aiki da ya faɗo a hannun Zarami tun makon farko, saboda shi ne ba ya jin jiri in ya hau kujera. Duk lokacin da aka naɗa sabon shugaba a Legas, sai hedkwata ta aiko wa kowane reshe babban ambulan. A ciki akwai hoton sabon, da 'yar takarda mai layi biyu: a rataye wannan, a lalata na da. Firam kuwa ba sa aikowa. Guda ɗaya ne tun buɗe ofis, na katakon maɗaci, da ƙananan ƙusoshi huɗu a baya masu riƙe kwali.

Ambulan na farko ya zo a 1982, lokacin da Baturen da ya kafa kamfanin ya koma ƙasarsu. Zarami ya sauke firam, ya lanƙwasa ƙusoshi, ya zaro Bature da lofensa a baki, ya tsaya riƙe da shi a bayan ofis kusa da juji. Bai taɓa ganin mutumin ba. Amma shekara guda yana goge masa fuska kowace safiya, kuma mahaifinsa shi Zarami ya rasu bai bar ko hoto ɗaya da za a nuna wa jikoki ba. Ya duba juji, ya duba Bature. Ya koma ciki ya mayar da shi inda yake, ya ɗora sabon a gabansa, ya danne kwali, ya mayar da ƙusoshi. Daga waje ba mai cewa mutum biyu ne.

Da ya gaya wa 'Yar'azumi, ta ce, "To Malam, in an kawo na uku fa?"

"Haba. Sarauta ce fa, ba layin awo ba. Wannan sai ya tsufa a kai."

Wata goma sha tara ya yi.

Daga nan abin ya zama kamar zuwan tsuntsayen da ke sauka a dausayin garin Baturiya, sai dai su tsuntsaye an san lokacinsu. Zarami bai riƙe sunayen shugabannin ba, da kamanninsu ya san su. Bayan Mai Lofe aka yi Mai Wushirya, wanda ya ce a rage ma'aikata. Aka yi Mai Jar Hula, wanda ya ce a mayar da waɗanda aka rage. Aka yi wani Kanar mai ritaya da ya sa ana rufe ƙofa ƙarfe takwas daidai, har wata rana aka rufe manaja a waje. Aka yi Mai Gilashi. Aka yi wani bawan Allah da Zarami ke kira Baƙo, domin ambulan ɗinsa ya maƙale a hanya saboda ambaliya, ranar da ya iso Haɗeja an riga an cire shi da kwana uku. Duk da haka Zarami ya rataye shi daga hantsi zuwa la'asar. Ya ce mutum ya sha hanya, a bar shi ya huta a bango.

Kowane sabo da launinsa. Wannan ya ce a yi wa ƙofar ofis shuɗin fenti, wancan ya ce kore, na bayansa ya ce wa ya ce a bar shuɗi. Zarami ne mai burushi. Ƙofar ta yi kauri har sakata ta daina shiga sai an taimaka mata da kafaɗa.

Wanda ya fi shan wahalar wannan canje-canje shi ne manajan reshe, Alhaji Shu'ibu, mutum mai kirki da tsoro daidai wa daida. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin daga Legas sai ya tare a ɗakin rediyo yana tambayar Kano da Kaduna wane ne yaron wane. A zamanin Kanar ya tara gashin baki. A zamanin Mai Gilashi ya sayi gilashi, alhali idonsa lafiya lau, ya yi wata uku yana tuntuɓe a matakala. Shi ya sa duk ranar da ambulan ya zo, maimakon ya buɗe, sai ya miƙa wa Zarami ya ce, "Duba mana, Baba, yaya ka gan shi?"

Domin Zarami ya yi suna wajen karanta hoto. A cewarsa, wanda ya yi dariya har haƙoransa suka fito ba ya shekara biyu. Wanda ya riƙe biro a hoto zai yi yawan takardu. Wanda ya sa hannu a haɓa, wannan tun kafin ya zauna yana tunanin inda zai koma. Rifkatu, mai buga tafireta, 'yar Filato da ta zo Haɗeja da aure ta zama 'yar gari, tana rubuta hasashensa a bayan kalanda don ta kama shi da kuskure. Sau ɗaya ta kama shi, kuma shi ma ya ce laifin mai ɗaukar hoto ne.

Duk tsawon shekarun nan Zarami na bin labarin mutum ɗaya. An mayar da Istifanus Kano. An kai shi Kaduna ya riƙe shiyya. An tura shi kwas ƙasar waje ya dawo da sanƙo. An kira shi Legas. Duk direban da ya zo daga hedkwata, kafin ya sha ruwa sai Zarami ya tambaye shi, "Injiniya fa? Yana cin abinci kuwa?" Shi ma Istifanus bai manta ba. In aiki ya kawo shi Kano, yakan saci yini ɗaya ya zo, ya zauna a tabarmar zaure da kwat ɗinsa, ya ce wa 'Yar'azumi yanzu ya iya barkono, ya ci yana hawaye.

A 1991, shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, ambulan ya zo. Alhaji Shu'ibu ya miƙa kamar kullum. Zarami ya zaro hoton, ya yi shiru, sannan ya zauna a kujerar baƙi, abin da bai taɓa yi ba a gaban manaja.

"Yaya ka gan shi, Baba?"

"Wannan bai iya ruwa ba," in ji Zarami, yana share ido da hularsa. "Amma in ya riƙe abu ba ya saki."

Ranar sau uku ya goge gilashi.

Istifanus ya yi shekara biyu da rabi. A zamaninsa aka kawo kwamfuta ofishin Haɗeja, aka ɗinka mata riga, aka hana kowa shiga ɗakinta da takalmi. Abin da ya haɗa shi da kwamitin daraktoci kuwa, ba a Haɗeja za a sani ba. Wasu sun ce ya ƙi sa hannu a wata kwangila, wasu sun ce ya yi wa manya gardama a gaban jama'a. Abin da aka tabbatar shi ne, wata Litinin ya je ofis ya tarar an canja makulli, kuma wanda ya gaje shi, Dakta Adamu Auta, mataimakinsa ne da suka daɗe ba sa ga maciji.

Wannan karon takardar da ta zo da hoto ta wuce layi biyu. An ce a ƙona hoton tsohon shugaba, kuma manajan kowane reshe ya sa hannu ya shaida an ƙona. Alhaji Shu'ibu ya kira Zarami, ya ba shi ashana, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Baba, na san tsakaninku. Amma ka ga takarda."

"Na gani, Alhaji."

"Saura shekara biyu ka yi ritaya. Ka rufa mana asiri, ni da kai."

Zarami ya shiga da firam ɗakin ajiya ya rufe ƙofa. Ya daɗe. Sannan ya fita bayan ofis da wata takarda a naɗe, ya ƙyasta ashana. Alhaji Shu'ibu ya leƙa ta taga, ya ga hayaƙi, ya sa hannu. Tsohuwar kalandar bara ce ta tafi, har da hasashen da Rifkatu ta rubuta a bayanta. Istifanus kuwa yana nan a bayan Dakta Adamu, su biyun da ba sa gaisawa a Legas an manne su wuri ɗaya a Haɗeja.

Sai dai firam ya cika. Da ƙyar ƙusoshin nan huɗu suka kama bakin kwali, sai da Zarami ya danna da gwiwa. Ga shi daminar bana ta yi ruwa, bango ya tsotsi danshi, takardu suka kumbura. Ko Dakta Adamu bai ƙwanƙwasa ba, da wuya su kai kaka. Shi dai ya zo ne a kan gaɓa.

To, mu koma ranar Talata. Dakta Adamu ya sunkuya ya ɗauki hoton da ke kan takalminsa. Istifanus ne. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya wajen manaja.

"Alhaji, ba kai ka sa hannu cewa an ƙona wannan ba?"

Alhaji Shu'ibu ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga hayaƙi."

Zarami ya ajiye tire a hankali, kada kofuna su yi ƙara, ya matso ya rusuna. "Kalanda ce, ranka ya daɗe. Manaja bai sani ba. Ni kaɗai na yi."

"An ba ka umarni."

"An ba ni."

"To me ya hana ka?"

"Mutumin yana da rai, yallaɓai. Ya ci abinci a gidana. Hannuna ya ƙi."

Dakta Adamu ya nuna sauran da ke warwatse a ƙasa. "Waɗannan ma duk sun ci abinci a gidanka?"

"A'a. Su ni na ci a nasu."

Wani daga cikin 'yan rakiya ya fara dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da ita tari. Dakta Adamu ya dubi dattijon daga hula har silifa.

"In wata rana aka aiko maka ka ƙona nawa fa?"

"Allah ya nisanta ranar, ranka ya daɗe," in ji Zarami. Da ya tsaya nan da an wuce wurin. Amma shi mutum ne da in an tambaye shi hanya sai ya kai ka har ƙofa. "In kuma ta zo, ba a rasa wata kalandar."

Dakta Adamu bai yi murmushi ba. Ya ajiye hoton a tebur, ya fita, ya shiga mota. Farfesun da aka yi tun asuba ba wanda ya taɓa shi.

Kafin la'asar an dakatar da Zarami. Washegari Alhaji Shu'ibu ya rubuta wa Legas yana neman a kore shi saboda ƙin bin umarni da yaudarar shugabansa. Ya rubuta yana cewa Allah ya sani ba da son ransa ba, kuma gaskiya ne, sai dai hakan bai hana shi sa hannu ba. Rifkatu ta yi kwana uku tana buga wasiƙar mai sakin layi biyu. Yau ribin tawadar tafireta ya bushe, gobe harafi ya maƙale. Daga ƙarshe dai ta tafi. Dokar kamfani ta ce wanda ya haura shekara goma ba a korarsa sai shugaba da kansa ya amince, saboda haka wasiƙar ta nufi teburin mutumin da aka yi wa maganar kalanda.

Zarami ya koma gida ya zauna. Abin da ke cin sa ba zaman ba ne. Shekara goma sha uku yana fita da kaki a goge, yara na gaishe shi da Baba na Shamuwa, yana jiran ranar da za a tara mutane a ce ya gama lafiya, a ba shi takardar yabo ya rataye a zaure. Yanzu kuwa abin da ke tafe shi ne a ce korarre. A garin da kowa ya san kowa, wannan kalma ba ta wankuwa. Ya ciro tsohuwar komarsa yana ɗinke ɓarakar da ba ta da ita. Ya daina zuwa majalisar gindin darbejiya. In ya ji ƙarar mota a lungu sai ya miƙe, in ta wuce ya koma ya zauna.

'Yar'azumi ta bar shi mako biyu, sannan ta gaji.

"Malam, tun na biyu na tambaye ka in an kawo na uku fa."

"Kin tambaya."

"Da ka kawo su gida na sa maka a ƙarƙashin adaka. Su bakwai ai ba za su ci mana tuwo ba."

"Wurinsu ofis ne."

"To kai da ka san wurin kowa, ga ka a gida." Ta tura masa kwano. Da ta ga bai taɓa ba, sai ta sassauta murya. "Da ka ƙona yaron nan, da ni ma ba ka ci abincina ba. Ci."

Wani ya ba shi shawara ya rubuta wa Istifanus, wanda aka ce ya koma garinsu yana noman citta. Zarami ya ƙi. Ya ce mutumin da aka canja wa makulli ba a kai masa kukan ƙofa.

Mako goma sha ɗaya aka yi. Ruwa ya janye, aka fara gyaran fadama don shukar alkama. Wata Alhamis da hantsi sai ga Rifkatu ta yi sallama, ta sauko daga bayan babur da ambulan biyu a jakarta, babba da ƙarami. Ta gaida 'Yar'azumi, ta zauna, ta sha ruwa, ta tambayi lafiyar awaki ɗaya bayan ɗaya.

"'Yata," in ji Zarami, "in yanka ne ki yanka."

Ta miƙa masa babban. Hannunsa ya san irin wannan ambulan ko ido a rufe. Ya zaro hoto: wani mutum ne mai furfura a gefen kai, ya sa hannu a haɓa.

"An cire Dakta?"

"Tun ranar Juma'a, Baba. Wata takwas ya yi."

Zarami bai yi farin ciki ba. Ya juya hoton, ya sake juyawa. "Allah sarki. Yana da iyali kuwa?"

Rifkatu ta buɗe ƙaramin. Wasiƙar korar ce aka dawo da ita, wadda ta buga da hannunta. A gefe an yi rubutu da koren biro, irin wanda shugaba kaɗai ke amfani da shi. Ta karanta masa ta fassara: ba a amince ba, ya koma bakin aikinsa. Kwanan watan da ke ƙasa na ranar Juma'ar nan ne. Direban da ya kawo jakar wasiƙu ya ce Dakta ya riga ya san an gama da shi tun safe, ya zauna ya duba fayil ɗaya tak, ya sa hannu, ya ɗauki hularsa.

"Akwai wani layi a ƙasa," in ji Rifkatu. "Wannan da Hausa ya rubuta." Ta gyara murya. "Baba, a nemi kalanda."

'Yar'azumi ce ta fara dariya, har da riƙe ciki. Zarami ya karɓi takardar yana kallon koren rubutun da bai iya karantawa ba. Can ya ce a ɗauko masa kakinsa a goge.

Da ya koma ofis ya tarar hoton Dakta Adamu manne a bango da salatif, a karkace, aikin Alhaji Shu'ibu. Ya tambayi sauran bakwai ɗin. Manaja ya ce ya ba Rifkatu ta ƙona, kuma wannan karon bai ko leƙa taga ba. Rifkatu ta jawo wani fayil da aka rubuta wa Sauran Batutuwa, ta ajiye a tebur, ta ci gaba da bugun tafiretarta. Alhaji Shu'ibu ya dubi fayil, ya dubi silin, ya tuna yana da aiki a ɗakin rediyo.

Zarami ya kai firam wajen kafinta aka ƙara masa zurfi. Ya jera su yadda suka zo, Mai Lofe a can ƙarshe. Da ya zo kan Istifanus da Dakta Adamu sai ya ɗan tsaya, sannan ya sa farar takarda a tsakaninsu.

Ya yi ritaya a 1996, an tara mutane, an ba shi takardar yabo, Alhaji Shu'ibu ya yi jawabi. Bayan shekara biyu kamfanin ya rufe reshen Haɗeja. Aka kwashe kwamfuta da rigarta, aka kwashe rediyo da kujeru, aka bar firam a bango domin ba ya cikin jerin kaya. Rifkatu ta aika aka gaya masa, ya zo da keke ya ɗauka. Yana nan a zaurensa kusa da takardar yabo, da mutum goma sha ɗaya a ciki, har da wasu biyu da suka biyo baya kafin a rufe reshen. Kowace Juma'a yakan sauke shi ya dawo da na baya gaba, don kowa ya sha iska. Baƙo ma, mai yini ɗaya, yanzu yana samun mako guda cur.

A majalisar gindin darbejiya kuwa ba a bar shi ya huta ba. Da ya doso da sandarsa sai wani ya ce a gyara zama, ga Ma'ajin Manya. Rannan wani tsohon direban kamfanin ya ce masa, "Baba, duk ƙasar nan ba a taɓa yin mai ƙarfinka ba. Shugabanni bakwai ka zubar a ƙasa cikin minti ɗaya."

Zarami ya gama zama tukuna, ya jingine sanda, ya gyara hula.

"Ni na zubar da su? Legas ce ta zubar da su, ɗaya bayan ɗaya. Ni shekara goma sha biyu ina riƙe da su da 'yan ƙusoshi huɗu. Laifina guda, ban sayi dogaye ba."